Jinkar Gana

Dogo, bayan girbi

Zuwa ga 'yata Wasila, a Kara-Kara,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina aiki, ina maigidanki Abdul'aziz, yaya yara? Mu nan lafiya lau, in aka cire gwiwata ta hagu da ta fara yin shawara ita kaɗai ba da sanina ba.

Kin ce in daina kiranki a salula don ihu nake yi kamar ina kora jaki. To ga takarda. In kin ga kuskure ki tuna ubanki a CM1, ajin firamare na biyar, ya sauka daga lakwal, kuma ba da son mushe, malamin ajinmu, ya kai can ɗin ba.

Maganar kakarki Gana ce. Jinkar ɗakinta ta ruɓe, daminar bana da ƙwarya a gefen gado ta ƙare ta. Na gaya mata kin ce za ki aiko da kwano a yi mata ɗaki irin na mutane. Ta ce in gode miki, in kuma gaya miki ita ba waina ba ce da za a rufe ta a tanda. Tunda idonta ya tafi, ta ce, abin da ya rage mata hanci ne da kunne: tana son ƙanshin sabon shuci da ɗan nobe a ciki, tana son ruwa ya sauka a kanta shiru. Ni kuma da bakina mai saurin fita, na yi mata alkawari a gaban mutane cewa damina mai zuwa ƙarƙashin ciyawa za ta kwana.

Na wasa lauje, na ɗaura wa jaki amalanke, na nufi Fagen Barewa. Ba ki san wurin ba. Muna samari gamba a can tana shanye mutum a kan raƙumi, in iska ta taso sai ki ga dajin yana tafiya kamar ruwan tafki. Wasila, na yi ta tafiya ina jiran gonaki su ƙare daji ya fara. Ba su ƙare ba. Gona na miƙa ni ga gona har na ji kiran sallar wani gari. Na tambayi wani mai tara kara ina Fagen Barewa, ya ce ai a kansa nake tsaye, kuma jakina yana cin harawarsa.

Abin da na dawo da shi, kaza za ta iya ɗauka. Rabi ma ƙarangiya ce, ita kuwa a wandona ta zo.

Ki gaida kowa. Kada ki sayi kwanon tukuna.

Mahaifinki,
Suma'ila

Dogo, tsakiyar bazara

Wasila 'yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, yaya zafi? Namu ya kai inda ƙadangare ke gudu da ƙafa uku yana hutar da ɗaya.

Na gaji, 'yar nan. Tun waccan takardar babu inda ban taka ba. Burtalin da shanu ke bi ya tsuke har sa mai ƙaho sai ya karkace. Bakin tafki duk an kafa shinge ana rake da kabewa. Na je kasuwa, ciyawar da ake kawowa guntuwa ce ta ragunan birni, ba ta isa a yanta ta a yi baibaya ba. Na zauna a majalisa ina zagin waɗanda suka cinye daji, sai Ɗanjuma mai shayi ya tambaye ni 'ya'ya nawa na haifa. Na ce tara. Ya ce maza nawa ke da gona. Na sha shayina na tashi. Ba wanda ya yi mugunta a ciki. Kowa kunyar noma ɗaya ya ƙara don bakin da ya ƙaru a gidansa, har kunyoyin suka haɗu.

Amma na ga gamba. Ranar da muka kai marigayi Ado kushewa na ɗaga kai, sai ga ta tsaye a maƙabarta ta fi ni tsawo, ga shuci, ga nobe yana ƙanshi, kamar an yanko Fagen Barewa an ajiye. Nan kaɗai garma ba ta shiga ba. Allah ya yafe mini, liman na addu'a ni ina auna dami da ido.

Ba zan ɓoye miki ba, washegari na koma da lauje a hammata. Na tsaya a bakin wurin. Kin san ba a rufa wa mai rai ɗaki da ciyawar maƙabarta. Ko liman ya yi shiru, gari ba zai yi ba. Hannuna ya ƙi. Na yi wa mutanen ciki sallama na juyo, kamar dama gaisuwa ta kawo ni.

Sai na yi dabara irin ta ɗan CM1. Ni da yayanki Ibrahim muka shimfiɗa leda a kan jinkar Gana, muka rufe da karan hatsi, ɗan shucin da na tara tun kaka na jera shi daga ciki daidai inda hannunta ke kaiwa, na cusa nobe kaɗan saitin gado. Ta shafa, ta shinshina, ta sa mini albarka har na ji kunya. Na yi ta yawo a gari ƙirji a gaba.

Shekaranjiya aka yi yayyafin farko. Ledar nan ta kama kiɗa kamar ana buki a kanta. Da aka ɗauke ta aika a kira ni, ta tambaya wane maroƙi na ajiye mata a saman ɗaki. Na fara kame-kame, ta ce in bari, tun ranar baibaya ta ji ƙarar kara, ta ƙyale ni ne don ta ga na gaji. Sai na faɗa mata gaskiya duka, har maƙabartar. Ta tambaya ko gambar can tana da tsawo. Na ce ta fi ni. Ta ce to madalla, in bar musu kayansu, kada in kuskura in taɓa, ita ba ta gaggawa amma ta san hanya.

Na yi dariya don ta yi. Da na fito dariyar ta ƙi biyo ni.

Ki turo mata ɗan sukari da ganyen shayi. Kwanon kuma ki bar shi.

Naki,
Baba Suma'ila

Dogo, hatsi ya fara ciki

'Yata Wasila,

Ina fatan kun isa gida lafiya, ina gajiyar zaman makoki? Allah ya ba da ladan zumunci. Ki yi wa Abdul'aziz godiya, ya yi abin da ɗa ke yi.

Kin tambaye ni inda aka sa Gana, mutane sun yi yawa ban amsa miki ba. Tunda ku mata ba ku zuwa, bari in zama idonki. Tana gefen gabas, kusa da wata aduwa. Da masu haƙa suka zo za su share wurin, na roƙe su su cire iya abin da ya zama dole. Jiya na koma. Ruwan nan da aka yi ta yi ya sa gambar ta sunkuyo ta rufe kabarin ta ko'ina, nobe kuma har bakin hanya ake jin sa. Ina tsaye aka fara yayyafi. Na kasa kunne, Wasila. Shiru yake sauka.

Alkawarin dai ya cika a daminar da na faɗa. Ba ni na cika shi ba, ni leda na iya.

Ɗakinta na nan, kajin ƙanwarki Fa'iza sun tare a ciki, su kiɗan bai dame su ba.

Abu ɗaya ya hana ni sakewa. Da zan fito na lura gonar da ke maƙwabtaka da maƙabartar ta matso, hatsi har yana taɓa kaburburan bakin iyaka. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na gane gonar. Ta Ibrahim ce, matarsa kuwa kin ga cikin da take ɗauke da shi. Na kira shi, ban yi ihu ba, ki shaida. Na nuna masa inda garmarsa za ta tsaya, muka dasa tushen gamba a kan layin, yana haƙa ina sawa. Na ce masa wannan jinkar kakarsa ce, ni ma nan nake sa ran rufi, in ya ci ta to ya tanadi leda mai faɗi.

Bai yi dariya ba. Ya ce sai dai baɗi ya san inda zai ƙara kunya. Ya haƙa wani rami, na sa tushe.

Gwiwa na gaishe ki. Ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Suma'ila