Yaya Haruna, Ko Kana Ningbo Har Yanzu?

Zuwa ga yayana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa ce ta girmamawa daga ƙaninka Bashir, da fatan za ta riske ka da rai da lafiya a duk inda kake. Na sa wannan saƙo a fili ne inda kowa zai gani, saboda lambarka ta daina shiga tun kafin azumin bara, kuma babu wata hanya da ta rage mini. Ka yi haƙuri da na fito da maganar gida gaban jama'a.

Ina nan Doha, a ɗakinmu na unguwar Muntaza, ni da 'yan'uwan nan na Kumasi da kuke gaisawa ta waya. Aikina bai canza ba. Har yanzu ni ke tura tsofaffi da marasa lafiya a keken guragu a filin jirgi, daga wannan ƙofa zuwa waccan. Duk ranar da aka haɗa ni da fasinjan jirgin ƙasar Sin, sai na riƙa leƙen fuskokin masu saukowa har shugaban aikinmu ya ce mini yalla, wato in yi sauri.

Ban taɓa taka Ningbo ba, amma da bakinka na san ta. Ka ce gari ne a gabar teku, kudu da Shanghai, kuma tsakaninsu akwai wata gada a kan ruwa wadda mutum zai yi gyangyaɗi a mota ya farka bai kai ƙarshenta ba. Ka ce koguna uku ne suka haɗu a tsakiyar gari, a nan mutane ke zuwa shan iska da yamma, tsofaffin mata na rawa a jere ba mai kallonsu. Ranar da ka fara zuwa tashar jiragen ruwa ka kira ni kana dariya. "Bashir, kwantena ce aka jera har ta fi benen asibitin Funtua, kuma ba ka ganin mutum, injina ne kawai ke ɗauka suna ajiyewa." Ka ce rabin kayan da ke kasuwanninmu ta wannan bakin ruwa suka fito, daga fitilar caji har zuwa bokitin wanka.

Aikinka ke nan. Kana tsayawa a kan kayan 'yan kasuwarmu har a loda su a rufe kwantena, don kada a musanya musu. Kana son aikin. Muryarka ma ta nuna.

Ka ba ni labarin damina mai sa riga ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba, da guguwar teku da ke sa a rufe tasha kowa ya shige ɗaki. Ka ce sanyinsu jiƙaƙƙe ne, yana shiga ƙashi. Ka ce baburansu na lantarki ba sa ƙara, sau biyu ana kusa kwashe ka. Mutanen garin kuma in suna hira sai ka rantse faɗa suke yi, alhali gaisawa ce. Da aka kawo maka ƙaguwa ɗanya da gishiri a gidan wani mai masana'anta, ka ce ka yi bismilla ka rufe ido ka haɗiye don kada ya ji kunya, ka kwana kana tuna miyar kukar Inna.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne tsohon masallacin da ka ce yana kusa da wani tafki, rufinsa irin na gidajensu, ba hasumiya kamar tamu. Da kuma dattijon nan Musulmi mai shagon taliya, wanda kake ce wa Baba Ma, da ke ƙara maka nama ba ka tambaya ba. Na gaya wa Inna kana da uba a can. Ta sa masa albarka.

Saƙon muryarka na ƙarshe gajere ne, kuma tari ya katse shi. Ka ce bizarka ta ƙare, wanda ya yi alkawarin sabunta maka ita ya daina ɗaukar waya, don haka ka rage fita. Ka ce, "Kada ka damu, abin zai warware." Na amsa maka a ranar. Har yau saƙon bai nuna an buɗe shi ba.

Yaya, na neme ka. Na bi duk Bahaushen da aka ce mini yana garin Yiwu ko Guangzhou a can ƙasar Sin, wasu suka ce sun san ka, ba wanda ya ce ya gan ka kwanan nan. Na rubuta wa ofisoshin da ya kamata, amsar da ta dawo ita ce ba ka cikin waɗanda aka tsare, ba ka kuma cikin waɗanda suka rasu. A kasuwar Abu Hamur ta nan Doha na tare wani Basine yana sayen kayan miya, na nuna masa hotonka. Mutumin kirki ne. Ya kalle ni da tausayi, ya ce shi daga arewacin ƙasar yake, bai taɓa zuwa Ningbo ba, kuma garin ya fi ƙarfin a nemi mutum ɗaya da hoto.

Na nemi hutu in zo da kaina. Kafil, ubangidan da takarduna ke hannunsa, ya ce ba yanzu ba. Na koma, ya sake cewa ba yanzu ba. A karo na gaba bai bar ni na gama magana ba ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Ko da ya sake ni, biza tana bukatar wanda zai gayyace ni daga can, ni kuwa kai kaɗai na sani a duk faɗin ƙasar.

Sai Allah Ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan Kantin Kwari mai ciwon gwiwa, zai wuce sarin kaya. Ina tura shi ina ba shi labarinka, ban san hawaye na zubo mini ba sai da ya miƙo mini hankicinsa. Ya karɓi hotonka da kwatancen unguwarku. Ban sa rai ba, amma mutumin nan ya je. Da sandarsa da tafintansa ya hau jirgin ƙasa har Ningbo.

A hanyarsa ta dawowa ya sa aka nemo ni. Ya ce ɗakinka wasu ne a ciki, ba su san ka ba. A masallaci sun tuna wani dogon baƙin mutum mai tsayawa a sahun baya, amma tun lokacin sanyi ba su ƙara ganinsa ba. Baba Ma ne ya gane hoton tun kafin tafinta ya buɗe baki. Ya ce wata Juma'a ka zo ka rame ƙwarai, ya zuba maka taliya ka kasa cinyewa, ka ce masa za ka yi kudu wajen wasu 'yan ƙasarmu. Ya ba ka rigar sanyinsa. Ya raka ka bakin titi. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Kudu ina, Yaya? Wajen su wa?

Yanzu ka ji halin da gida ke ciki. Inna ta daina tambayata kai. Idan na kira, bayan gaisuwa sai ta jira ko ni zan fara maganarka, in kuma ban fara ba ta ce Allah Ya yi mini albarka ta ajiye. Hawan jininta ya kwantar da ita sau biyu. 'Yarka Ummi, wadda ka bari a ciki, ta shiga makarantar allo. Da aka tambaye ta sunan babanta ta faɗa daidai, aka ce yana ina, ta ce yana cikin waya.

Mahaifin matarka Anti Rabi ya kira ni makon jiya. Bai ɗaga murya ba, ka san halinsa. Ya ce ya yi haƙuri iyakar yadda uba zai yi, bayan Babbar Sallah zai kai maganar gaban alƙali a raba auren, kuma ni za a kira in ba da shaida, tunda ni ne na ƙarshe da ya ji muryarka. Da ya gama sai Anti Rabi ta karɓi wayar. Ta ce, "Bashir, ni ba saki nake nema ba. A dai gaya mini, takaba zan yi ko jira?"

Ni ban ma san abin da zan ce wa alƙali ba. In na ce kana raye, ban gani ba. In na ce ka mutu, bakina ba zai iya ba.

Yayana, kai ka goya ni zuwa asibiti ranar da na karye a ƙwallo, kana tafe kana yi mini faɗa kana kuka. Ba na jin mai wannan zuciyar zai yi shiru da gangan. Amma idan kunya ce ta riƙe ka don ba ka samo abin da ka je nema ba, wallahi ba wanda ke jiran komai daga hannunka. Ka dawo da rigar jikinka. Idan ɓuya kake yi saboda takarda, ka miƙa kanka a maido ka gida, ni zan tsaya a bakin ƙofar jirgin in tare ka. Idan ciwo ne ya kwantar da kai, ka roƙi na kusa da kai ya ara maka waya. Ko sallama kaɗai ka yi, zan gane muryar.

Ya Allah, Kai Ka san inda bawanKa Haruna yake. Idan yana raye, Ka ba shi lafiya, Ka haɗa shi da mai tausayi, Ka buɗe masa hanyar gida kafin Sallah. Idan kuma Ka riga Ka karɓe shi, Ka gafarta masa, Ka sa Musulmi ne suka yi masa sutura, Ka kawo mana labari ko mai ɗaci ne. Amin.

Ƙaninka da ke jiranka,
Bashir
Doha