Jan Fentin Mashigin Lechoso

Bajo Tordillo, Alhamis 6 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga ƙanin mijina Baldomero,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin lodin katako da aka ce ka samu a Coyhaique. Don Aniceto direba ne ya ba ni labari, shi ne kuma zai miƙa maka wannan takarda, tunda kai ka rantse ba za ka rubuto ba. Shekara guda cur, Baldo! Ko don karenka Tizón da ka bar mini ai ka aiko a ji ko yana ci. Yana ci, har ya fi ni.

Ƙanƙara ta fara saki. Ranar Lahadi na bi hanyar Zagaye, wadda ke kewaye dutsen Tordillo, har ƙarshen kurmi. Taɓo ya kai ƙauri, itatuwa uku sun faɗo sun tare hanya, gadar gungume tana nan amma santsinta sai ka kama da hannu. Daga kurmi zuwa wuyan dutse, inda hanya ke tsallakawa bayansa, fari fat, turakun alama biyu kawai na hango a tsaye, sauran iska ta kwantar da su. Da rana ana jin ƙanƙara tana zubowa daga kafaɗar Tordillo, rugugi kamar ana sauke itace daga mota.

Ka san abin da ya sa nake lissafa maka wannan. Bara, bayan ruwan kogin Lechoso ya tafi da yayanka Froilán, ba wanda ya taka Zagaye. Baƙi masu jakar baya suna zuwa ƙofata, in ba su shayin mate da burodi, in ce hanya a rufe take, su juya. In ta sake kwana a rufe bana, daji zai cinye ta, aikin shekara ashirin da biyu da ku biyun kuka yi da adda da gatari ya tafi ke nan. Kwamitin ƙauye ya ce in an gyara alamomi kafin ɗaya ga Nuwamba, a buɗe.

Ka zo, Baldo. Kwana uku ne kawai, kamar yadda kuka saba. Na wanke bargonka, takalmanka suna bayan murhu.

Na gina wa Froilán ɗan ɗakin kyandir na tunawa a bakin mashigi, inda aka tsinci hularsa. Da kwano na yi wa ɗakin rufi saboda iska.

Taka,
Ermelinda

*

Coyhaique, 11 ga Oktoba

Yaya Ermelinda,

Na samu takardarki, na gode. Ina lafiya. Ina gaida doña Uberlinda mai kanti da mutanen coci, a shafa mini kan Tizón.

Ba zan samu zuwa ba. Aiki ya yi yawa, mai gidan ba ya ba da hutu, gwiwata kuma kin san halinta da sanyi.

Shawarata a bar Zagaye bana ma. Yadda kika kwatanta, ƙanƙarar wuyan dutse ba za ta sauka ba sai tsakiyar Nuwamba, kuma irin wadda ke da tauri da safe ce, da rana ta zama kunu, mutum ya nutse har ƙugu. Ƙarƙashinta ƙoramu suna gudu, ba ka gani sai ta ɓurma da kai. Baƙin nan ba su san wannan ba, da takalmin wasa suke zuwa. Ki bar su su yi rabin hanya, su je tafki su dawo, ai ya ishe su hoto.

Lechoso kuwa, kada kowa ya kusance shi. Kowa.

Na gode da ɗakin kyandir. Ki kunna ɗaya da sunana.

Ki huta lafiya.
Baldomero Cárcamo

*

Bajo Tordillo, Alhamis 20 ga Oktoba

Baldo,

Ina gaisuwa, amma gajeriya, don raina a ɓace yake.

"Baldomero Cárcamo" wai! Kamar takardar gwamnati. Ni da na yi shekara goma sha tara ina ɗinke maka wando, yau ni ake sa wa hannu da sunan uba? Gwiwa kuma? Don Aniceto ya gan ka kana saɓa gungume a kafaɗa kamar buhun gashin tumaki. Ka nemi wata ƙaryar, wannan ba ta zauna ba.

Bari in gaya maka abin da ban rubuta ba wancan karon. Ranar Asabar ina kantin doña Uberlinda, Segundo Barría yana jingine da kanta, bai ga shigowata ba. Sai na ji yana cewa, "Ai marigayin ganganci ya yi. Tsufa ya zo masa da taurin kai, ya ga ruwa ya haura fenti ya ce shi ne Froilán."

Na ce, "Don Segundo, kana wurin?"

Ya ce, "A'a, doña Erme, amma ai ruwa ba ya cin mutum haka kawai."

Na ajiye sukarin da na ɗauka na fito. Abin da kwarin nan gaba ɗaya yake faɗa ke nan, Baldo, a bayan idona. Mutumin da ya taɓa kwana biyu a ƙetare, yana hango hayaƙin gidansa, yana cin busasshen nama, don kawai ruwa ya lashi gefen jan fentin da ke jikin dutsen mashigi! Shi ne ya koya wa kowa dokar: ruwa ya taɓa ja, ka zauna, bai taɓa ba, ka haye. Yau shi ne mai ganganci. Wannan magana ta fi mutuwar ci mini rai, na rantse da Allah. Kai kuma da ka fi kowa saninsa, ko a wurin jana'iza ba ka buɗe baki ba.

To, tunda ba za ka zo ba, ni zan yi. Ranar Litinin zan tashi, in bi ta inda yake bi: kurmi, wuyan dutse da sassafe tun ƙanƙara tana da tauri, in tsayar da turaku, in kwana a bukka, Laraba in sauko Lechoso in haye zuwa gida. Kada ka ce ban iya ba, sau shida na yi zagayen nan da shi. Mashigin ma ba ya buƙatar awo. Hunturun bana ya yi sauƙi, kogin bai motsa ko tsakuwa ba, kuma fentin da ka shafa bara yana nan ja wur, na gani da idona ranar da na kai kyandir. Da shi zan yi aiki.

In na haye lafiya a kan alamar nan, sai in je in tsaya gaban Segundo Barría in ji me zai ce.

Sai na dawo.
Ermelinda

*

Coyhaique, Lahadi 23 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ki, in har za ki karɓi gaisuwata bayan kin karanta wannan.

Ina tsammanin kin ji saƙon rediyo, don sau huɗu na sa aka karanta shi jiya da yau: "Zuwa ga Ermelinda Oyarzún a Bajo Tordillo, kada ki tashi Litinin, ki jira motar Alhamis, daga Baldo." Na san duk kwarin ya ji, kowa yana tambayar kowa. Su tambaya. Ina roƙon Allah dai ya sa kin ji, kuma ya sa taurin kanki bai rinjaye ki ba.

Kada ki haye a kan fentin nan. Ƙarya ne. Ni na shafa shi, ni na sani.

Kin san yadda muke yi. Shi ya bi ta wuyan dutse, ni in je mashigi kwana biyu kafin ya sauko. Aikina in tuɓe da sassafe, in shiga ruwan da sanda, in taka ƙasan kogin daga wannan gaɓa zuwa waccan, in ji inda ambaliyar hunturu ta haƙe da inda ta cike, sannan in fito in sa alama daidai inda ruwa zai kai wa mutum cinya. Kowace shekara sabon awo. Froilán yakan ce fenti ba ya sanin komai, ƙafar wanda ya shiga ce ta sani.

Bara ban shiga ba.

Ana gobe zan yi awon, an yi bikin yanka kunnen 'yan raguna a gidan su Mansilla, kin tuna, ke kika kai burodi. Na sha giya fiye da ƙima. Na isa mashigi rana ta riga ta ɗaga, kaina kamar zai tsage, iska tana yanka fuska. Na cire takalmi ɗaya, na tsoma ƙafa, sanyin ya harbe ni har haƙori. Na dubi dutsen, ga tsohon fenti nan ya koɗe. Na ce a raina, shekara biyar a jere awo yana faɗawa wuri ɗaya, yau ne zai canza? Na mayar da takalmina. Na miƙa hannu daga gaɓa na bi tsohon layin da sabon fenti, na zauna na sha mate, na dawo gida na ce miki an gama.

Kuma na ga alama, Yaya, wannan ne abin da ba ya barina. Na ga dutsen ya ɗan karkace, na ga sabuwar tsakuwa a gindinsa. Ambaliya ta ɗaga shi ta ɗora a kan tudun tsakuwa, ta kuma haƙe tsakiyar kogin. Na gani, na kawar da kai.

Ranar da muka samo shi a ƙasan kwari, bayan an ɗora shi a doki kowa ya wuce, na koma mashigin ni kaɗai na shiga. Ruwa yana ƙasa da fenti da taƙi guda, amma a tsakiya ya kai mini ƙirji. Da ƙyar na fito. Na ɗauki dutse zan kankare fentin, sai na ga in na kankare kowa zai tambayi dalili. Na ajiye. Da kwamiti ya rufe hanya na ce Allah ya rufa mini asiri, na hau motar don Aniceto.

Froilán bai yi ganganci ba. Ya sauko, ya duba, ya ga sabon fenti da hannun ƙaninsa, ya ga ruwa bai taɓa ba, ya shiga. Dokarsa ya bi. Da ni ya yarda.

Na ji Segundo da irinsa tun a wurin jana'iza, na yi shiru. Na bar su suna cin naman yayana shekara guda don in tsira da nawa sunan. Ki kai wannan takarda kanti, ki sa doña Uberlinda ta karanta da ƙarfi. Ki kai wa kwamiti, ki kai wa Fada a coci. Ba na neman gafara, ban ga ta inda zan fara ba. Ki dai zauna a gida.

Ƙaninki, in kin yarda,
Baldo

*

Bajo Tordillo, Alhamis 10 ga Nuwamba

Baldo,

Ina gaisuwa.

Na ji rediyo, jakata tana ɗaure a bakin ƙofa. Na zauna. Takardarka ta zo, na karanta a tsaye, sannan na yi kwana tara ban iya riƙe alƙalami ba. Na tsine maka, Baldo, ba zan ɓoye ba. Na jefa takalmanka waje, Tizón ya dawo da ɗaya.

Ban ba doña Uberlinda ba. Ni na karanta da bakina bayan coci, Segundo Barría yana tsaye. Ya cire hula.

Saura abu ɗaya da ba ka sani ba, kuma ba wanda ya sani. Safiyar da Froilán zai tashi, jakarsa ta ƙi rufuwa. Na gasa masa burodi shida, biyar suka shiga. Na ce, "Wannan igiyar fa? Ba Baldo zai auna mashigi ba?" Ya yi dariya ya ce, "In Baldo ya auna, ko ido rufe sai in haye." Ni na zaro igiyar da hannuna na cusa burodin. Tana nan rataye bayan ƙofa, kullum sai na gan ta in zan fita.

Jiya na je mashigi da goga ta ƙarfe. Fentin ya kama dutsen, ya ƙi fita. Na gwada ture dutsen cikin ruwa, ko gezau. Aikin mutum biyu ne.

Ƙanƙarar wuyan dutse ta sauka rabi, furannin bishiyar notro sun yi ja a bakin kurmi, ruwa yana ƙaruwa kullum bayan sha biyun rana. Ban ce na yafe ba, ban san ko zan iya ba. Ka hau motar Alhamis. Ka sayo sabon fenti, na gida ya bushe a gwangwani. Kai za ka shiga ruwan, ni zan riƙe igiyar.

Ermelinda