Wata Biyar a Kan Keke

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba?

Lafiyata ƙalau, cikin ya shiga wata biyar, amai ya tsaya. Bayana ne kawai. Na kai kuka wurin ungozomata Femke, wai in ci gaba da hawa keke zuwa aiki! Na ce, "Da wannan cikin?" Ta yi dariya: "Haba, ni a kan keke naƙuda ta kama ni." Shekarata tara a garin Turawan nan, Groningen, ban taɓa jin haushi haka ba. Ko sannu babu!

Don Allah ki aiko min tsamiya.

Jiya ina kan keken, yaron ya motsa karon farko. Na tsaya cak, na ce "Inna!" Na bayana ya danna min ƙararrawa.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Ramlatu