Ruwan Faya da Haƙoran Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da abin da ke cikinki. Yaya aikin asibiti?

Dalilin wasiƙata shi ne maganar Baba. Duk safiya muna jin yana karanta labaran ƙarfe bakwai a rediyon matar da ke kula da ɗakin kwananmu na makaranta. Tun da ya sa haƙoran roba, akwai wani ɗan ƙas-ƙas da ke fita tare da maganarsa. 'Yan ɗakinmu sun fara kwaikwayonsa da cokali. Ba su san mahaifina ba ne, ni kuma na kasa faɗa. Umma ta ce shugaban sashensu ya ba shi zuwa ƙarshen wata mai zuwa, in bai gyaru ba za a ba wani karatun.

Yaya, na ga wata mujallar kimiyya a laburarenmu. An ce ruwan da jariri ke kwance a ciki, wanda ke zubowa in faya ta fashe, yana da wasu ƙwayoyin halitta da masana ke gwadawa ko za su sake gina naman haƙori da dasashi. Sau huɗu na karanta da ƙamus. Tunda ke ungozoma ce, don Allah ki tara mana kaɗan a kwalba mai tsabta, mu kai wa likitan haƙori. Ki yi haƙuri in na yi rashin kunya.

Ki huta lafiya,
Ƙanwarki, Auta.

*

Auta uwar karatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙafa da ta kumbura har takalmin aiki ya ƙi ni.

Na karanta wa abokiyar aikina wasiƙarki, ta yi dariya har ta sarƙe da shayi, ta ce a tambaye ki ko da mazubi za mu riƙa bin mata. Auta, wannan ruwan ba ya sallama. A gado yake zuba, a ƙasa, wani lokacin a kan siket ɗina, sai mu sa tsumma mu goge. Duk ya gauraya da jini da ƙazanta.

Duk da haka na tare likitanmu a baranda. Ya ce ya ji labarin, amma abin yana ɗakin gwaje-gwaje, a kan ɓeraye ake yi, ba a san ranar da zai iso bakin mutum ba. Ya ce ruwa mai tsabta da masanan ke aiki da shi, da doguwar allura ake zuƙo shi ta cikin mace tun kafin haihuwa, kuma allurar takan jawo ɓari wani lokaci.

Na je gida ranar Asabar. Haƙora uku suka rage masa a ƙasa, su ma suna rawa. Ki cire wannan daga ranki ki kama jarrabawarki.

Sai mun haɗu,
Yayarki.

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, Allah ya sauke kumburin.

Na gode da kika tambayi likita. Na koma na duba mujallar, gaskiyarsa ne game da allurar. Amma an rubuta cewa mata ƙalilan ne kawai ke samun matsala. Malamin bayoloji ya ce duk maganin da muke sha yau, da wani mutum ɗaya aka fara. Na so in tambaye shi ko mutumin zai iya zama tsoho, kunya ta hana ni.

Yaya, na daɗe ina juya biro kafin in rubuta wannan. Ke fa? Naki cikin ya shiga wata biyar, kuma jinin Baba ne, ina ga zai fi karɓarsa. Cokali biyu kawai. In kin yarda, ni zan rubuta wa masanan, akwai adireshinsu a ƙasan shafin. Saura kwana ashirin da shida wa'adin Baba ya cika.

Ina jiran amsarki,
Auta.

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Mako uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Kullum ina zuwa ofishin da ake raba wasiƙu. In na yi laifi ki yafe mini. Ko layi ɗaya ne.

Ƙanwarki.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Mahaifinki ne.

Yayarki ta kawo mini wasiƙunki, ta ajiye a kan tebur, ba ta zauna ba. Akwai abin da muka ɓoye miki don kina yarinya. Wannan ne cikinta na uku. Biyun farko duk a wata na biyar suka zube. Kada ki sake rubuta mata yanzu. Ba na jin za ta amsa kafin ta haihu.

Maganar aiki kuwa ta ƙare. Na sa an kunna mini karatuna na jiya, na saurara har ƙarshe. Da ni ne shugaban sashe, da tuni na cire wannan mutumin. Daga Litinin wani ne zai karanta, kuma ya iya.

Gobe za a cire sauran haƙoran ukun. Ranar ziyara Ummanku ce za ta zo ita kaɗai.

Allah ya yi miki albarka,
Baba.