Na Faɗa wa Mahaifiyata Asalin Kirsimeti, Ta Daina Ɗaga Wayata

Assalamu alaikum Anti Nuriyya. Don Allah ki ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ni ɗan wani ƙauye ne a wajen Malumfashi, ina aikin wutar lantarki a Makka da iƙamata, wato takardar izinin zama. A gidan Kiristoci aka haife ni, na musulunta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Mahaifiyata, Mama Talatu, ba ta kore ni ba. Ta yi kuka kwana biyu, a na uku ta tambaye ni me ake ci da sahur, kuma ita ta riƙa dafa mini har na yi aure.

To, ana saura kwana kaɗan Kirsimeti, wani abokin aikina, Abdulganiyyu, ya nuna mini bidiyo muna shan shayi a titin Mansur. An ce ranar ba ta cikin littafin Kiristoci, wai bikin rana ne na arnan Rum aka sauya wa suna, itacen da suke yi wa ado kuma daga masu bautar itatuwa ya fito. Wallahi sai na ji wa Mama tsoro. Da safiyar Kirsimeti na yi saƙon murya na minti goma sha huɗu, na jefa a zauren iyalinmu na waya. Matata Shatu ta ce in bari ko zuwa washegari, na ce gaskiya ba ta jira.

Mama ta amsa da yamma. Ta ce a gaishe da babban malamin Makka. Ta ce ubanta Bamaguje ne, a gabanta yake yanka jan zakara a gindin tsamiya, don haka ba ta bukatar a aiko mata da labarin tsafi daga ƙasar waje. Ta ce a shekarunta saba'in ba ta taɓa rataya wa itace fitila ba, shinkafa take dafawa, ta tafi coci. Idan shinkafar ma ta Rumawa ce, in sanar da ita kafin ta jiƙa ta baɗi.

Yau sati uku ba ta ɗaga wayata. Ƙanwata Rahila ta ce Mama ta ajiye mini kasona na nama kamar kowace shekara, don a aiko mini, sannan ta rabar. Shatu tana dab da haihuwa. Anti, ni fa gaskiya na faɗa. Laifina ne?

Ɗan Talatu, Hindawiyya, Makka

Wa alaikumus salam, Ɗan Talatu.

Sannu da ƙoƙari. Minti goma sha huɗu! Limamai da yawa ba sa kai haka a huɗuba, kuma su sukan bari mutane su zo da ƙafarsu.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Tsoron da kake ji wa mahaifiyarka ƙauna ce, kuma babu mai tilasta maka yin bikin da ba naka ba. Haka ne, Rumawa suna da bukukuwa a tsakiyar hunturu tun kafin Kiristanci. Amma ko daga can aka ɗauko ranar, masana tarihi har yau suna jayayya, ado da itacen ma ya zo ne can daga baya. Abin da suka yi shekaru suna ja a kai, kai da Abdulganiyyu kun yanke shi kafin shayi ya huce. Madalla.

To mu ce komai na bidiyon daidai ne. Wa ka gaya wa? Matar da ta baro tsafi da ƙafarta, ta san warinsa. Ka kira ta arniya a gaban 'ya'ya da jikoki, a ranar farin cikinta. Ita da ba ta taɓa bincika asalin azuminka ba, tukunya kawai ta ɗora. Addinin da ka shiga ya wajabta maka kyautata wa iyaye ko da ba su bi ka ba. Wannan darasin kam ba a nuna maka bidiyonsa ba?

Ga abin yi. Ka goge saƙon. A zaure ka yi ɓarnar, a zaure za ka nemi gafara, da gajeriyar magana, ba tare da “amma” ba. Sannan ka roƙi Rahila ta kai mata waya, ka durƙusa ko ba ta ganinka, ka saurari duk abin da za ta faɗa. Za ta faɗa da yawa, kada ka kare kanka. Idan Allah ya sauki Shatu lafiya, Mama ce farkon wadda za ta ji, daga bakinka.

In kana son ta ga kyan addininka, a halinka za ta gani. Allah ya sanyaya zuciyarta, ya sauki iyalinka lafiya, ya daidaita tsakaninku.

Anti Nuriyya