Kalmar da ke Jikin Kwalbar Inno

Assalamu alaikum Gwaggo mai ba da shawara. Don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina.

Mahaifiyata, Inno, tana sayar da kunun ƙiba a gidanmu a Kara-Kara. Ƙanenta, Kawu Sallau, shi ke kawo mata wani magani daga Nijeriya, ta ɗiga a kunun gyaɗa, mata su saya. Rubutun kwalbar duk Ingilishi ne. Mu kuwa Faransanci muka yi a lakwal, in mun ga Ingilishi sai mu ce ai na Kano ne, mai kyau ne, mu wuce.

Bana na shiga koyon Ingilishi, duk kalmar da na gani sai na duba ma'anarta a salula. Rannan ina wanke kwalaben, idona ya faɗa kan kalmar cattle. Na duba. Shanu ne, Gwaggo. Na bi sauran kalmomin ɗaya bayan ɗaya: maganin na dabbobi ne kawai, ba a ba mutum.

Ƙanwata Aliya tun bayan Salla take sha. Fuskarta ta cika, ƙafafunta na kumbura, ƙishirwa ba ta barinta. Maƙwabta kuwa sai yaba ta suke, suna aiko 'ya'yansu da kwano. Tsoro nake ji. Na yi wa Inno zancen, ta ce daga fara karatu har zan koya mata sana'a. In kuma na faɗa a waje, na tona wa uwata asiri a unguwa.

Mai fargaba, Kara-Kara

Wa alaikumus salam, 'yata. Inno ba muguwa ba ce. Da ta san abin da ke cikin kwalbar, ba za ta ba 'yar cikinta ba, kuma sana'ar ce rufin asirinta. Amma wannan kumburin ba ƙiba ba ne, kuma ba ya jira.

Gobe da safe ki kai Aliya asibiti, da kwalbar a hannunki. Yadda za ta daina sha, likita ne zai faɗa, don irin wannan magani ba a yanke shi kai tsaye. Ki lallaɓa Inno ku tafi tare. Abin da ta ƙi ji daga bakinki, za ta ji daga nasa. Kawu Sallau kuma ku nuna masa ma'anar kafin ku zarge shi, wataƙila shi ma bai sani ba.

Kwanukan maƙwabta su koma da kunu zalla, iyayen kuma a gaya musu su kai yaransu a duba. Kunyar unguwa za ta wuce. Shirun da kike yi kuwa, kowace safiya wata yarinya ce ke shanye shi.

Allah ya ba Aliya lafiya, ya ƙarfafa miki zuciya.