Kada Naziru Ya Zo Dareta

Dareta, 9 ga Yuni, 2009

Zuwa ga matata Lubabatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da Inna. Ya damina a Adabka?

Ni lafiya lau, sai ɗan tarin nan da kika sani. Har yanzu ina kan injin niƙa dutsen zinari, shekara ta uku ke nan. In na tashi aiki fari fat nake, da kin gan ni sai kin rantse a buhun gari na kwana. Kada ki damu. Makau, wanda ya koya mini aikin, ya ce nono yana wanke ƙurar daga ƙirji, don haka kullum da la'asar sai mun shanye ƙwarya guda a wurin 'yan Fulani.

Ki gaya wa ƙanena Naziru na samo masa gurbi a injinmu. Da an gama girbi ya taho.

Ina kewarki ƙwarai.

Naki,
Hayatu

Gusau, 20 ga Oktoba, 2009

Lubabatu,

Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ina rubuto miki ne daga asibiti.

Makau ya rasu makon jiya, Allah Ya jiƙansa. A zaune ya cika, don ya daɗe ba ya iya kwanciya. Ranar da muka kai shi, ni ma na kasa ɗaukar makara ko taku goma, shi ya sa na zo nan.

An ɗauki hoton ƙirjina. Likita ya ce garin dutse ne ya zauna mini a huhu, kuma ba ya fita. Na ba shi labarin nono. Bai yi dariya ba, ya dai ce nono ciki yake tafiya, ƙura kuwa huhu. Shekara uku muna wanke inda ba nan ne da datti ba. Na ji kunya, yanzu kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Abin da ya fi damuna Naziru ne. Ni na kira shi da bakina, kuma kin san taurin kansa. In aka ce kada ya zo, cewa zai yi ina masa baƙin ciki.

Saboda haka kada ki ce masa komai, Inna ma kada ta ce. Ranar Laraba zan iso. Ki turo shi bakin gari ya tarbe ni, ba da babur ba. Da ƙafa za mu taka har gida, ni da shi. Ya ƙirga da kansa sau nawa zan tsaya.

Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
Hayatu